Tsohuwar Talabijin Mai Ƙeya: Wutar da Ke Cikinta Ko Bayan Ka Zare Filogi

Tsofaffin talabijin masu ƙeya, waɗanda muka taso muna kallon bidiyo da buga gem a kansu, sun sake samun masoya. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa jona PlayStation 2 ko Sega Mega Drive a talabijin ta zamani: hoton yakan fito a dagargaje, kuma akwai ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. An ƙera waɗancan gem ɗin ne domin irin waccan talabijin, har ma bindigar wasan Duck Hunt na Nintendo ba ta aiki sai a kanta. Ga shi kuma an daina ƙera su, domin Sony ma ta rufe layinta na Trinitron tun 2008. Wanda yake so sai dai ya nemo tsohuwa ya gyara.

A nan ne TikTok da YouTube suka shigo. Cikin minti ɗaya za ka ga an ɗauko talabijin daga bola, an kwance bayanta, an kaɗe ƙura da burushi, an canza abu biyu, sai hoto ya fito tar. Abin da ake yankewa daga irin wannan bidiyon shi ne shirin da mai gyaran ya yi kafin ya sa hannu. Mu kuwa da muka koyi taɓa na'ura a kan waya, mun saba da batir mai bolt 4 da caja mai bolt 5. Idan ka yi kuskure a waya, asarar kuɗi ce. Tsohuwar talabijin tana da wurare da dama da kuskure ɗaya zai iya raba mutum da ransa, kuma wurin da aka fi tsoro ba shi ne ya fi haɗari ba.

Yadda take fitar da hoto

Babban gilashin nan da ya cika cikin akwatin, wanda ake kira CRT, kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta. Bajamushe Karl Ferdinand Braun ne ya ƙirƙiro ta a 1897. A siririn wuyanta na baya akwai abin da ke harba ilektaron, su kuma su tafi su bugi wani gari da aka shafe cikin fuskar gilashin da shi, ya yi haske. Naɗin wayar jan ƙarfe da ke zagaye da wuyan shi ke karkatar da harbin hagu da dama, sama da ƙasa, har hoto ya cika.

Kafin ilektaron su yi gudun da zai haska fuskar, sai an ja su da wuta mai ƙarfi sosai. Wata ƙaramar taransifoma da masu gyara ke kira fulaibak ita ke samar da ita. Talabijin mara kala takan yi aiki da bolt 10,000 zuwa sama, mai kala kuwa tsakanin 20,000 da 30,000, gwargwadon girmanta. Idan ka ga wata waya mai kauri, yawanci ja, ta taso daga fulaibak ta ƙare a wata roba mai kama da faifai da ke manne a jikin kwalbar, to ita ce hanyar wannan wutar.

Kwalbar tana ajiye wuta

An shafe ciki da wajen kwalbar da wani baƙin shafi mai ɗaukar wuta, gilashi kuma yana tsakaninsu. Wannan tsarin shi ne ainihin tsarin kwandensa, wato abin da ke tara wuta ya riƙe. Saboda haka ko ka kashe talabijin ka zare filogi, wutar na iya zama a ƙarƙashin waccan robar na kwanaki, wani lokaci fiye da haka. Wasu samfuran suna da abin da ke tsiyaye ta a hankali, wasu ba su da shi, kuma ba za ka gane wacce ce a gabanka ta hanyar kallo ba. Akwai kuma wata ɗabi'a ta gilashin: ko an sauke wutar sau ɗaya, bayan wasu mintuna wani kaso yakan sake taruwa. Shi ya sa masu gyara ke saukewa fiye da sau ɗaya.

Amma kwalbar ba ita kaɗai ke ajiye wuta ba. Kusa da inda wayar soket ke shiga allon talabijin, akwai wata ƙatuwar kwandensa mai kama da ƙaramin gwangwani. Wutar soket ɗinmu ta bolt 230 idan aka miƙar da ita, takan taru a cikin wannan gwangwanin a kan kusan bolt 325. Idan talabijin lafiyarta ƙalau, takan shanye wannan wutar bayan an kashe ta. Idan kuwa ta lalace ta ƙi tashi, ba abin da zai sha, sai wutar ta zauna. Ka lura da abin da wannan ke nufi: talabijin ɗin da ta mutu, wadda ita ce za ka so ka buɗe, ita ce ta fi yiwuwa tana ɗauke da wuta cike.

Bari mu yi lissafi

Ƙarfin da kwandensa ke ajiyewa ana samunsa ne da rabin girmanta sau bolt sau bolt. Kwalbar talabijin mai kala girman ajiyarta bai wuce kimanin nanofarad 2 ba. A kan bolt 25,000, amsar takan fito wajen jul 0.6. Gwangwanin can kuwa, a ce mai maikurofarad 220 ne a kan bolt 325, yana riƙe da sama da jul 11. Wato abin da ba ya ko ɗaukar ido ya ninka kwalbar kusan sau 20.

Wannan ba ya nufin wutar kwalbar wasa ce. Tana da zafi ƙwarai, tana da haɗari ga mai ciwon zuciya, kuma ɓarnarta ta fi zuwa ta hanyar firgita: hannu ya fizge da ƙarfi ya yanke a jikin ƙarfe, ko ya bugi wuyan kwalbar ya karya, ko mutum ya saki talabijin ɗin a ƙafarsa.

Abin da ya fi su duka shi ne wutar soket kanta, domin ita ba ta ƙarewa. Abin da ke kisa shi ne yawan wutar da ta ratsa jiki da tsawon lokacin da ta ɗauka. Mutum yakan fara jin tsiri-tsiri a kan miliamfiya 1. Daga wajen 10 zuwa 20, tsokar hannu takan ƙanƙame har ya kasa sakin abin da ya riƙe. Idan ta haura 50 zuwa 100 ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan miliamfiya 260, ka ga abin da zai tsayar da zuciya bai kai abin da zai kunna ƙwai ɗaya ba.

Busasshiyar fata takan ɗan tare wuta, jiƙaƙƙiya kuwa ba ta tarewa. A yanayinmu na zafi, mai aiki da gumi a tafin hannu, ƙafa ba takalmi a kan siminti, ya riga ya buɗe wa wuta hanya daga hannu zuwa ƙasa. Ga shi gidaje da yawa ba a haɗa musu wayar ƙasa yadda ya kamata ba, haka ma ƙananan janareta.

Ƙarfen da ke ɗauke da wutar soket

Yawancinmu mun ɗauka ƙarfen da aka ɗaure kayan na'ura a kai, wanda masu gyara ke kira casis, wuri ne da za a iya dafawa. A kwamfuta haka ne. A tsofaffin talabijin da yawa ba haka ba ne.

Domin rage kuɗi da nauyi, kamfanoni da dama sun riƙa ƙera talabijin ba tare da taransifomar da za ta raba ta da wutar soket ba. A irin masu fitilun gilashi a ciki, na shekarun 1950 da 1960, ana haɗa ɗaya daga cikin wayoyin soket kai tsaye da casis. Idan filogi mai ƙafa biyu ne kuma ka juya shi, ko an haɗa soket ɗin a birkice, duk ƙarfen ya zama bolt 230. Wasu na shekarun 1970 zuwa 1980 kuma, ko ta ina ka juya filogin casis ɗin na ɗauke da wuta. Akwatin katako ko roba da maɓallan roba su ne kawai ke kare mai kallo. Idan maɓalli ya ɓace ya bar sandar ƙarfe a waje, kada a kunna sai an rufe ta.

Na baya-bayan nan, irin na shekarun 1990 da 2000 da suka fi yawa a gidajenmu, an raba allonsu gida biyu. Za ka ga wani layi mai kauri a jikin allon, an rubuta HOT a gefe ɗaya, COLD a ɗaya gefen. Duk abin da ke gefen farko yana haɗe da soket, har da farantan alminiyon da ke sanyaya kayan.

Ga inda abin ya shafi masu gem kai tsaye. Idan talabijin ba ta da ramukan bidiyo masu launin rawaya da fari da ja, sai ramin eriya kaɗai, akwai bidiyoyi da ke nuna yadda za a huda baya a ƙara su. A talabijin mai casis mai wuta, yin haka yana kai wutar soket cikin wayar bidiyo, daga nan ta shiga gem ɗin, ko dikoda, ko laftof, ta kai ga hannun duk wanda ya taɓa, wanda sau da yawa ƙaramin yaro ne. Hanyar da ta dace ita ce a sayi ɗan akwatin nan mai mayar da bidiyo siginar eriya a jona ta ramin eriya, domin kamfani ya riga ya raba wannan ramin da wuta.

Gilashin kansa

Tunda babu iska a cikin kwalbar, iskar waje tana danna ta da kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Fuskar talabijin mai inci 21 tana da kimanin santimita 40 a faɗi da 30 a tsaye, wato sama da tan ɗaya a kan fuskar kaɗai. Idan ta fashe, gilashin yakan faɗa ciki sannan ya watso waje. Daga shekarun 1960 aka fara ɗaure bakin kwalbar da wani ƙarfe mai matsewa domin rage wannan haɗarin, kada a taɓa cire shi ko yanka shi. Waɗanda suka girme shi kuwa wani gilashin kariya ne daban a gabansu, da zarar an fito da kwalbar ba ta da wata kariya.

Wuyan shi ne wuri mafi rauni. Ba a ɗaukar kwalba ta wuya, ba a jingina ta a kansa, ba a aiki kusa da ita sai da tabarau na kariya. Gilashin bayan kuma yana ɗauke da dalma mai yawa, garin cikin fuskar ma ba abin shaƙa ba ne. Yaran da ke fasa talabijin da dutse domin su cire jan ƙarfen wuyanta su sayar wa 'yan jari bola suna fuskantar fashewa da guba a lokaci guda. Idan ka ga ƙaninka yana yi, ka hana shi.

Kafin a kunna wadda ta daɗe a ajiye

Abu na farko shi ne karanta takardar da ke manne a bayanta. Talabijin ta Amurka bolt 120 take sha, ta Japan 100. Jona su a soket ɗinmu kai tsaye ƙona su zai yi nan take. Sai a duba wayar wuta daga filogi har inda ta shiga, ko ta bushe ta tsage, ko ɓera ya ci. Idan an ajiye ta a wuri mai danshi, a bar ta ta bushe na kwanaki, domin ƙura da danshi suna sa babbar wutar ta yi tsalle.

Talabijin da ta shekara 30 ko 40 ba a kunna ta ba, mai yiwuwa kwandensocinta sun lalace ko da ba a gani a ido. Masu gyara kan bi da wutar ta cikin ƙwan fitila mai zare, kamar na wat 100, kafin ta isa talabijin. Idan ƙwan ya haska sannan ya dushe, alama ce mai kyau. Idan ya tsaya da haske sosai, akwai inda wuta ta haɗe, sai a kashe. Ƙwan LED ba ya wannan aikin. Ka kuma sani cewa wannan dabarar talabijin take karewa, ba ta kare mutum.

Idan ka ji ƙauri, ko ka ga hayaƙi, ko ka ji ƙarar tsartsatsi, zare filogi daga bango ka buɗe taga. Tsofaffi na shekarun 1950 suna da wani abin miƙar da wuta na sinadarin seleniyam, wanda idan ya ƙone yake fitar da hayaƙi mai wari da guba.

Yadda ƙwararru ke aiki

Abin da ke biye bayani ne domin ka gane abin da mai gyara ke yi, ka kuma gane bidiyon da ya tsallake shi. Karanta shi bai isa ya sa ka buɗe talabijin kai kaɗai ba.

Suna zare filogi daga bango su ajiye shi inda ido ke ganinsa, domin maɓallin kashewa ba abin dogaro ba ne, balle ɗauke wuta. Ana iya dawo da ita kowane lokaci, ko wani ya tayar da janareta. Suna cire agogo da zobe da sarƙa, su sa takalmin roba, su tsaya a busasshen wuri, su tabbatar akwai wani a kusa da ya san inda ake kashe wutar gidan.

Babbar kwandensa suna sauke ta ne ta cikin ƙwan fitila mai zare ko rasista mai jure zafi. Haɗa ƙafafunta da sukudireba yana tayar da tartsatsi ya narka ƙarfe, ya kuma lalata ta. Bayan haka sai su auna da mita su ga ta sauka. Tasta mai ƙaramar fitila ba ta isa shaida ba.

Kwalbar kuwa, suna maƙala waya a jikin saƙaƙƙiyar wayar da ke shimfiɗe a bayanta, ɗaya bakin a jikin sukudireba mai kaurin mariƙin roba, sannan su zura bakinsa a hankali ƙarƙashin robar har ya taɓa ƙarfen ciki. Hannu ɗaya ke aikin, ɗayan yana aljihu ko bayan jiki, domin kada wuta ta bi ta ƙirji daga hannu zuwa hannu. Sai su jira, su maimaita. Mitar gama-gari iyakarta bolt 600 ko 1,000, ba a kai ta kusa da wannan wurin.

Idan dole sai an auna wani abu talabijin tana kunne, suna amfani da taransifoma ta musamman mai raba ta da wutar soket. Sitabilaiza ba ta yin wannan aikin, haka yawancin taransifomomin rage wuta na kasuwa. Yana da kyau kuma wurin aikin ya kasance da makashi mai kula da yoyon wuta, wanda ake kira RCD, mai yankewa a kan miliamfiya 30. Fiyus ɗin da ke cikin talabijin an sa shi ne domin hana gobara. Kafin ya tsinke, wutar da ta bi ta jikin mutum ta ninka abin da ke kisa sau da yawa. Kuma ba a maye gurbinsa da zaren waya.

Maɓallan da ba a murɗawa

A cikin talabijin akwai ƙananan maɓallan saiti, wasu an ɗiga musu fenti ko gam. Daga cikinsu akwai masu ƙayyade ƙarfin babbar wutar. Idan ta wuce ƙa'ida, kwalbar na iya fitar da hasken eksire fiye da abin da gilashinta zai tare. A 1967 aka gano cewa wasu talabijin masu kala na kamfanin General Electric, kimanin guda 90,000, suna fitar da hasken fiye da kima, abin da ya taimaka wajen kafa dokar kula da irin wannan haske a Amurka a 1968. Tun daga nan ake sa wa talabijin wani tsaro mai kashe ta idan wutar ta haura. Idan talabijin tana tashi tana mutuwa, wataƙila wannan tsaron ne ke aikinsa. Duk bidiyon da ya ce ka cire shi domin ta zauna a kunne, ka wuce shi.

Idan wuta ta kama wani

Kada ka taɓa shi da hannu, domin za ta haɗa da kai. Kashe wutar daga makashi ko ka zare filogi. Idan ba hali, ture shi da busasshen katako ko kujerar roba. Idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, a kira 112 ko a nemo mota, kai kuma ka ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa ka riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ba tsayawa har taimako ya zo. Kada a ɗura masa madara ko ruwa, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa zai iya shaƙewa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, musamman idan ya suma, ko ya ƙone, ko yana jin ciwon ƙirji.

To me ya kamata ka yi da ta gidanku?

Akwai abubuwa da yawa da za ka iya yi ba tare da kwance ko kusa ɗaya ba: goge jikinta, duba wayarta, nemo lambar samfurinta a intanet ka sauke zanen allonta ka yi nazari, gwada ramukan bidiyo, nemo rimot. Talabijin da yawa da ake cewa sun mutu, matsalarsu ba ta wuce filogi ko waya ba.

Idan abin ya kai ga buɗewa, kai ta wurin masu gyara. Tun da aka buɗe tashar WNTV a Ibadan a 1959, da ta Kaduna a 1962, ake gyaran irin waɗannan na'urori a ƙasar nan, kuma har yanzu akwai dattawan da suka shafe shekaru suna wannan sana'a a kasuwanninmu, ko da yake yawancinsu sun koma gyaran na zamani. Ka je da talabijin ɗinka, ka biya kuɗin aikin, ka roƙi baba ya bar ka ka zauna ka kalla. Ka lura da inda yake ajiye hannunsa na hagu, da abin da yake fara taɓawa, da abin da ba ya taɓawa sam. Idan kana son koyon sana'ar da gaske, ka fara da rediyo mai batir da ƙananan alluna masu bolt 5 ko 12, ka iya karanta zane da riƙe mita, kafin ka matsa zuwa abin da ke shan wutar soket.